An bar jaki ana dukan taiki: ba kilim ke girgiza injin mota ba

Da zarar watan Maris ya raba tsakiya, rana ta fara dukan kwalta, ma'aunin zafi ya haura 40 a Yamai da Tahoua da Birnin Ƙonni, sai wata tsohuwar cuta ta dawo cikin motocin ƙasar nan. Mai mota ya tsaya ga jan wuta, ya danna maɓallin na'urar sanyi, wadda kowa ke kira kilim, sai inji ya shiga kakkarwa kamar mai masassara. Sitiyari na rawa, allurar agogo na faɗuwa tana tashi, wani lokaci motar ta mutu tsakiyar hanya, ƴan kabu-kabu na zagi ta baya. Ya kashe kilim, komai ya lafa. Daga nan sai gareji, kuma a gareji hukunci ɗaya ne cikin uku, an riga an yanke shi tun kafin a ɗaga murfin inji.

"Alhaji, gaz ne ya ƙare, sai an ƙara."

Ko kuwa: "Maigida, bari a ɗan ɗaga mata ralanti."

In kuma an faɗa hannun wanda ya gaji da tunani: "Ranka ya daɗe, kilim kashe inji take yi a ƙasarmu. A cire bel ɗinta ka huta."

Wannan magana ta ƙarshe ta yi yawo har ta zama kamar karatun allo. Ɗan kasuwa na faɗinta a rumfa, ma'aikaci na maimaita ta a biro, uba na gargaɗin ɗansa da ita. Ƙarya ce. Kuma ƙarya ce mai tsada, domin a kanta ake zubar da albashin wata, a kanta ake lalata motocin da lafiyarsu ƙalau, a kanta mutum ke ɗaukar iyalinsa daga Yamai zuwa Maraɗi, kilomita sama da 600, gilasai a buɗe, yara na shaƙar ƙura, alhali na'urar da ya biya kuɗinta tana gabansa an tsinke mata wuya.

Abin da ke faruwa ba sihiri ba ne. Zuciyar kilim wani famfo ne da ake kira kwamfireso, kuma ba shi da ƙarfin kansa: inji ke juya shi da bel. In an danna maɓalli, wani maganaɗisu ya kama, a ji "ƙas", daga wannan lokaci kwamfireso ya zama kaya a wuyan inji, yana cin ƙarfin dawaki kaɗan daga cikin abin da injin ke bayarwa. In mota na gudu ba a jin wannan kaya. Amma a tsaye, lokacin da inji ke juyin da ake kira ralanti, wanda makanikan Kano da Katsina ke cewa silo, juyi 700 zuwa 800 a minti, ƙarfinsa ɗan kaɗan ne, abin da zai hana shi mutuwa kawai. Ga kwamfireso, ga fankar gaba da ta tashi, ga fankar cikin mota, dukansu suna jan wuta daga dinamo, shi ma dinamo injin ke juya shi. Waɗanda suka ƙera mota sun san da haka tun kafin a haifi mai garejin. Shi ya sa kowace mota mai kilim ta fito da abin da ke ƙara wa inji numfashi daidai lokacin da kwamfireso ya kama. A motocin kafireto irin tsofaffin Corolla, wani ɗan gwangwani ne mai aiki da zuƙon iska, yana tura totur kaɗan. A tsofaffin Land Cruiser da Hilux masu gazuwal, irinsa ne a jikin famfon mai. A motocin da suka biyo baya, wani bawul ne da ƙwaƙwalwar inji ke buɗewa, a na baya-bayan nan kuma ƙwaƙwalwar ce da kanta ke motsa ƙofar iska. Lafiyayyar mota, in an kunna mata kilim, allura ta ɗan nutsa, nan take ta dawo, sau da yawa ma ta ɗan haura inda take.

Saboda haka in inji ya girgiza, ɗayan biyu ne: ko injin ya riga ya raunana ba a sani ba, ko kayan da aka ɗora masa ya wuce kima. Jakin da ya durƙusa da taiki ɗaya, ko dai yunwa gare shi, ko an cika taikin da duwatsu. Babu mai hankalin da zai ce maganin abin shi ne a daina ɗora wa jakuna kaya.

A mafi yawan lokuta jakin ne ke da yunwa, kuma abin da ya sa shi yunwa yana gaban kowa: ƙura. Motar da ta ci hunturu guda tsakanin Damagaram da Tanut, ko ta yi ta zirga-zirga a unguwannin da ba su san kwalta ba, matatar iskarta ta zama bango. Yaron gareji ya ciro ta, ya buga ta a taya sau uku, ya hura mata iska, ya mayar. Wasu ma huda ta suke yi da sukundireba wai don inji ya sha iska, sai ƙurar ta samu ƙofa. Wannan ƙura ta haɗu da tururin man inji ta yi baƙin danƙo a maƙogwaron inji, ta toshe ɗan ramin da iskar ralanti ke bi, ta maƙale bawul ɗin da ya kamata ya buɗe in kilim ta kama. Ƙwaƙwalwa ta ba da umarni, bawul ya kasa motsi, inji ya shaƙe. Maganin wannan bai wuce kwance maƙogwaron a wanke shi ba, aikin awa guda. Sai dai a motocin da ƙwaƙwalwa ke motsa ƙofar iska, bayan wanki ko bayan cire batir, wasu sai an sake koya musu ralanti, abin da gareji da yawa ba su taɓa jin labarinsa ba. Mota ta fito tana ihu, a ce wa mai ita "za ta saba".

Bayan ƙura akwai buji da suka cinye, waɗanda ke iya kunna wuta in babu nauyi amma su riƙa tsallake in nauyi ya zo. Akwai ƙananan tiyo na roba da zafin ƙasar nan ya busar har suka tsage, inji na zuƙar iskar da ba a auna ba. Akwai batir da ya gaji da dinamon da ba ya cika shi. Akwai robobin da inji ke zaune a kansu: in sun fashe, injin na juyi daidai amma kowace girgiza tana shiga jikin mota, mai ita ya rantse inji ya lalace, alhali allurar agogo ko motsi ba ta yi ba. Duban allura kaɗai ya isa ya raba wannan da sauran, kuma duban allura kyauta ne.

Sai mai. Shekaru da yawa rabin motocin Maraɗi da Ƙonni da Magariya da isansin ruwa-ruwa suka rayu, wanda ake tsallakowa da shi daga Nijeriya a jarkoki. Matatar SORAZ ta fara aiki kusa da Damagaram a 2011, Nijeriya kuma ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, cinikin ya canza fuska, amma kwalba a bakin hanya ba ta ɓace ba. Ba duk man kwalba ne gurɓatacce ba, kuma ba wanda zai zagi talakan da ke neman abincinsa da shi. Amma man da ya wuni a rana, aka juye shi daga jarka zuwa kwalba zuwa mazurari cikin iska mai yashi, yana tafe da laka da ruwa, su kuwa ƙananan ramukan da ke fesa mai cikin injin zamani sun fi ƙofar allura ƙanƙanta.

Akwai kuma lokacin da taikin ne aka cika da duwatsu, kuma a nan ne babban laifin yake, domin hannun mutum ne ke cika shi. Kwamfireso yana matsa gaz ya tura shi cikin wani abu mai kama da lagireto da ke can gaban mota, kwandansa, inda iska ke ɗauke masa zafi. In kwandansa ta toshe da laka da ƙwari da ƙaiƙayi, ko fankarta ta mutu, zafi ba ya fita, matsin gaz ya hau, kwamfireso ya yi tauri, inji ya durƙusa. Alamarta sananna ce: a kan hanya sanyi na zuwa, a tsaye sai ɗumi da girgiza. Ruwa da buroshi mai laushi, ko gyaran fanka, sun isa. To amma mai mota ya zo yana kukan sanyi ya ragu, sai a jawo tulun gaz. Ba a tambayi ko nawa ke ciki ba. Ba a nemi inda ya zube ba, in ma ya zube. A ɗaura tiyo, a buɗe, yaro ya sa tafin hannu a bakin iska yana cewa "ƙara, ƙara", har sai maigidansa ya ga kuɗin sun cika.

Kilim ba tankin mai ba ce. Gaz ɗinta ba ƙonewa yake yi ba, zagayawa yake cikin rufaffiyar hanya; in ya ragu sosai, akwai inda ya tsage, kuma duk wanda ya ƙara gaz bai toshe tsagar ba ya sayar wa mai mota alƙawarin dawowa ne. Kowace mota tana da adadinta, an rubuta shi da giram a wata ƴar takarda ƙarƙashin murfin inji. A ƙananan motoci abin yakan faɗa tsakanin giram 400 da 700. Ana auna shi da sikeli. Kafin a zuba, ana zuƙe iska da laima daga cikin hanyar da famfo na musamman, kamar rabin awa. Ana duba matsi da agogo biyu, shuɗi da ja. Gareji nawa ne daga Gaya zuwa Diffa ke da sikelin da famfon, kuma cikin masu su, nawa ne ke kunna su in mai mota na sauri? Gaz in ya yi yawa, matsi ya hau. Iska in ta shiga, matsi ya hau. Wato mutum ya shigo da mota mai ƙaramar girgiza, ya biya kuɗi, ya fita da babba. In kuwa gaz ɗin ya yi kaɗan ƙwarai, sai kwamfireso ya riƙa kamawa yana saki kowane ɗan lokaci, inji na tashi yana faɗuwa tare da shi. Wannan ma kunne na jin sa, ga wanda ya tsaya ya saurara.

Sannan wane gaz? Tsofaffin motoci da R12 suka fito. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta yanke masa hukunci saboda yana cin rufin ozon na sararin sama. Ƙasashe masu masana'antu suka daina yin sa a farkon 1996, ƙasashe masu tasowa aka ba su zuwa 2010. Tun wajen 1992 zuwa 1995 kamfanonin mota suka koma R134a, wanda ba ya shiri da man da ke cikin tsohon kwamfireso, nasa man daban ne. Daga 2017 kuma Tarayyar Turai ta hana sabuwar mota fitowa da R134a, aka koma R1234yf, kuma waɗannan motoci sun fara tsufa, sun fara isowa nan. Gaz uku ke nan, kowane da ƙa'idarsa. Amma a bakin hanya duka sunansu ɗaya, "gaz". Wani ma R22 na kilim ɗin ɗaki yake ɗurawa don shi ke hannunsa, alhali matsinsa ya fi na R134a nesa, yana wahalar da kwamfireso yana cin robobi. Jabu kuwa ba tatsuniya ba ce: a 2011 gaz ɗin jabu da aka sayar da sunan R134a, wanda aka gauraya da R40, ya fasa na'urorin sanyi na kwantenoni a tashoshin ruwan Biyetnam da Barazil, har mutane suka mutu. Tulun da ke shigowa ƙasar nan an karɓi kuɗin duwan a kansa, babu shakka. Wane ne ya buɗe shi ya gwada abin da ke ciki? Hukumar da ta iya ƙirga katan ɗin taliya ɗaya bayan ɗaya a bakin iyaka ba za ta ce na'urar gwajin gaz, wadda ake riƙewa a hannu, ta fi ƙarfinta ba.

Ɗaga ralanti da sukundireba shi ne ɗan'uwan ƙarin gaz. Girgiza ta ɓoye, gaskiya ne, kamar yadda kiɗa ke ɓoye kukan yaro. Cutar tana nan, an ƙara mata shan mai dare da rana, ko an kunna kilim ko ba a kunna ba. A mota mai canza giya da kanta, sai ta riƙa zabura in an sa giya, tana jan mai ita zuwa bayan motar gaba. A motar zamani kuwa wannan sukurun kamfani ne ya ɗaure shi, ba don a taɓa ba. In an murɗa shi an rikita lissafin ƙwaƙwalwa, a shiga canza kayan da ba su yi laifi ba ɗaya bayan ɗaya. Garin gyaran gira an rasa ido. Cire bel kuma, a motoci da yawa na yanzu bel guda ne ke juya dinamo da kwamfireso da sauransu, sai an nemo gajere an yi dabara. Kwamfireson da aka bari shekara bai juya ba, robobinsa sun bushe, gaz ya tsere. Ranar da za a sayar da motar, mai saye zai rage kuɗin kilim ɗin gaba ɗaya daga farashi.

Ba a ce kwamfireso ba ya mutuwa ba. Yana mutuwa, kuma in ya fara cijewa yakan ja inji ƙasa, bel na kuka, wani lokaci har da hayaƙi. Amma shi ne na ƙarshe da ya kamata a tuhuma, bayan an wanke sauran, domin shi ne mafi tsada. A nan shi ne na farko, kuma dalilin tsadar ne.

Adalci ya sa a faɗi cewa makanike ba shi kaɗai ya yi wannan ɓarna ba. Tun da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, kuɗin duk wani ƙarfe da ake shigowa da shi daga Turai ya ninka, ƙasar nan ta koma rayuwa da tsofaffin motocin da aka yi shekaru ana saukewa a tashar Kotonu, da kayan gyara na hannu daga Katako ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Yaron da aka kai gareji yana ɗan shekara 12 ya koyi aiki a kan Peugeot 504, da kunne da hannu, kuma ya ƙware. Dabarar da ya raya motoci da ita a dajin da babu kanti ta cancanci a jinjina mata. Sai motoci suka canza a ƙarƙashin hannunsa. Tun 1996 a Amurka, tun 2001 a Turai ga motocin isansi, kowace mota tana da ƙofar da ake jona na'urar bincike, inji ya faɗi abin da ke damunsa da bakinsa. Wa ya koya masa karanta ta? Ƙasar tana da makarantun sana'a, Lise Dan Kasawa na Maraɗi ba jiya aka gina shi ba, amma tsakanin ajin makaranta da inuwar dalbejiyar da ake kwance inji akwai tafiyar da har yau ba a gama ba. Darasin mako biyu da Hausa, da yamma bayan an tashi aiki, kan sikeli da agogon matsi da na'urar bincike, ba zai kai kuɗin taron bita guda a otel ba.

Mai mota shi ma yana da kasonsa. Alhajin da ba zai sayi buhun gero ba sai ya zura hannu har ƙasa, wanda ke auna atamfa da idonsa ya gane an rage kamu guda, shi ne zai miƙa motar miliyoyi ya ce "yi mini sauri, zan tafi Jibiya". In makanike ya ce zai ɗauki awa biyu yana bincike kuma a biya shi kuɗin binciken, sai a ce ya cika tsada, ai bai canza komai ba. An koya wa masu gareji cewa tunani ba ya kawo kuɗi, sai ƙarfe da gaz. Su kuwa suka riƙe darasin.

A gidan gwamnati abin ya fi muni, domin a can jakin ba na kowa ba ne. Duk wanda ya ratsa ƙofar wata ma'aikata da tsakar rana ya ga manyan motoci a jere, inji na juyi, gilasai a rufe, babu kowa ciki sai direba, ana jiran maigida ya fito daga taro ya tarar da sanyi. Ƙaramar mota a haka tana shan kusan lita guda a awa, babba ta fi. Tsayuwa cikin rana ita ce mafi wuyar aiki ga kilim, don babu iskar gudu da ke ratsa kwandansa, kuma doguwar ralanti ita ke tara baƙin danƙon da aka ambata. Bayan ƴan watanni mota ta fara girgiza, a aika ta gareji, faktir ta dawo: sabon kwamfireso. Ma'aikacin da ke sa hannu a kan wannan takarda, wanda shi kansa ke lissafin litar da zai zuba a tasa motar kafin ƙarshen wata, yana da ikon ya yi tambaya uku kafin ya sa biro: ina tsohon kwamfireson da aka cire, nawa agogo ya nuna kafin a cire shi, giram nawa aka zuba? Haka nan ranar da za a rubuta cewa wata motar hukuma ta gaji a yi gwanjonta, ya kamata a ga takardar da ta faɗi abin da aka auna, da sunan wanda ya auna. Motar da aka yanke wa hukuncin mutuwa saboda girgiza, aka gan ta bayan mako biyu tana sheƙa gudu a hanyar Doso da sabon fenti da sanyi a ciki, ba warkewa ta yi da addu'a ba.

Wanda motarsa ke kakkarwa a wannan bazara, kafin ya bari a jawo tulu, ya tsaya a inuwa ya bar inji ya yi zafi, ya dubi allura kilim na kashe. In tun a nan tana rawa, maganar kilim ba ta ma taso ba, a nemi buji da tiyo da maƙogwaro. In tana tsaye, ya kunna manyan fitilu da fankar ciki ba tare da kilim ba. In inji ya nutse, a dubi batir da dinamo da bawul ɗin ralanti. Sa'an nan ya danna kilim, ya fito ya leƙa: fankar gaba ta tashi? Ana ganin haske ta cikin kwandansa ko laka ce? Kwamfireso ya kama ya zauna, ko yana ƙas-ƙas ba hutawa? Minti 10 ke nan, ba a kashe ko dala ba. In bayan wannan aka ce masa lalle sai gaz, ya ɗaga murfin inji, ya nuna wa mai garejin takardar giram, ya ce a kawo sikeli. In aka ce babu sikeli, ya rufe murfin ya tada motarsa.